Lambar Girma Da Amana

Duk wanda ya yi aikin En'e ya san lambar nan ta azurfa da sarakuna kan rataya a wuya ran hawa. Mu da ke zaune kudu da kogin Kaduna, iyayenmu sun sha ganinta tun da aka fara taron sarakunan Arewa a garin nan cikin 1930. To, ya kamata mu san asalinta.

Sarkin Ingila Joji na Biyar shi ya kafa ta cikin 1920, don saka wa sarakunan da suka riƙe amanar Gwamnati. A fuska guda akwai surarsa, a ɗaya fuskar kuwa jirgin ruwa na yaƙi. Cikin 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya biya ta Ingila a tafiyarsa ta Hajji, ya gana da Sarki Joji, aka ba shi ita. Mutane suka ce alamar abuta ce tsakanin sarki da sarki.

Amma fa kada mu manta, Gwamnatin nan ita ce ta raba wa sojanta wata lamba saboda cin Kano da Sakkwato cikin 1903. Shekara 17 kaɗai ke tsakanin yaƙin da lambar abuta.

Ba a ƙasarmu aka fara haka ba. A Amurka, cikin 1801, zamanin Shugaba Jefferson, an buga lamba domin shugabannin mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar. An zana hannu biyu suna musafaha, aka rubuta salama da abuta. Kafin shekara 30 ta cika, cikin 1830, sai aka yi dokar tashin kabilunsu daga ƙasarsu ta gado. Lamba tana wuya, gona ta tafi.

Abin lura a nan, maƙeri yana iya zana musafaha, amma cika alkawari ba aikin maƙera ba ne. A ɗakin shari'a ma ba mu karɓar takarda sai da shaida, shaidar abuta kuwa aiki ne. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take.

An rushe En'e cikin 1976, lambobin sun koma akwati. Abin da talakawa ke tunawa shi ne wane alƙali ya yi gaskiya, wane malamin haraji bai ci amana ba. Allah ya sa a tuna da mu da alheri, amin.