Littattafan Tafiyar Alhazan Ƙasa da Matsayinsu a Tarihi

Idan ana maganar rubutun labarin tafiya da harshen Hausa, sunayen da akan fara kawowa ba su da yawa. Akwai labarin Dorugu, yaron da ya bi Barth zuwa Ingila a 1855, wanda Schön ya buga cikin Magana Hausa a 1885, sai kuma Tafiya Mabuɗin Ilmi na Abubakar Imam, game da ziyarar da ya kai Ingila a 1943. Duka biyun Turai suka nufa. Amma tafiyar da ta fi kowace cin rayuka da shekarun Hausawa gabas ta nufa, watau hanyar ƙasa zuwa aikin hajji, kuma ita ce muke da ƙarancin bayaninta daga bakin talakawan da suka taka ta.

Hanyar sananniya ce. Daga Kano akan bi ta Barno zuwa Kusiri, a haye kogi zuwa Far Lami, wadda aka sake wa suna Njamena a 1973, sannan Abeshe, da Janaina a bakin iyakar Sudan, da Fashir, har Al'ubayyid inda layin dogo ya tsaya a wancan zamani. Daga nan mai kuɗin jirgi ya wuce bakin Bahar Maliya, a tsare shi a Sawakin don binciken lafiya, kafin ya haye zuwa Jidda. Bayan faɗuwar Burmi a 1903 jama'a da yawa sun bi ta da niyyar hijira, cikinsu har da Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Farko, wanda garin da ya kafa kusa da Sannar yake ɗauke da sunansa.

Abin da ya jawo hankalina ga wannan batu wasu littattafai ne guda uku, irin na 'yan makaranta, da aka samu a ƙasan adakar mahaifina sa'ad da ake kwashe kayan turakarsa don rabon gado. Ya rubuta su da ajami, wani wuri da tawada wani da fensir, lokacin da ya raka malaminsa gabas yana saurayi a farkon shekarun 1950. Mai neman bayanin kyawun ƙasa ko begen gida ba zai samu ba. Lissafi ne zalla, irin na fatake: sunan zango, kwanakin da aka yi a cikinsa, wanda ya sauke su, kuɗin mota, da bashin da aka ci ko aka bayar. A ganina nan darajarsu take, domin mai rubuta lissafi don kansa ba ya ƙawata zance.

Alal misali, kuɗin da yake ambata suna sauyawa da sauyin ƙasa: sule da sisi a Nijeriya, faran a Cadi, ƙirshin Masar a Sudan (don sai a 1957 Sudan ta buga nata kuɗin), sannan riyal. Daga wannan kaɗai mai nazari zai gane inda guzuri ya ƙare. Tun daga Fashir babu sauran shigar kuɗi sai ta ƙodago, kuma fiye da rabin littafi na biyu lissafin tsinkar auduga ne a gonakin Jazira, waɗanda aka buɗe bayan kammala madatsar Sannar a 1925. Rahotannin Turawa sun nuna yadda noman nan ya dogara da ƙwadagon mutanen yamma, waɗanda 'yan Sudan suke kira Fallata, amma a matsayin adadi suka gan su. A nan kuwa ana ganin mutum guda yana ƙirga saura nawa ya cika kuɗin jirgin ruwa, da yadda rashin lafiyar malami ya cinye tarin kaka guda. Ga masu nazarin harshe ma akwai abin tsinta, domin da ya shiga Sudan sai ya koma kiran jirgi “babur”, kamar yadda ya ji a bakin mutanen can.

Dalilin ƙarancin irin waɗannan takardu a hannun masana ba boyayye ba ne. Masu tattara rubuce-rubuce a Zariya da Kaduna tun shekarun 1960 sun fi mayar da hankali ga wallafar manyan malamai da wasiƙun sarakuna, kuma suna da hujja. A gida kuwa magada sukan raba littattafan addini, su ɗauki sauran ko dai a matsayin kundin asiri, a ɓoye har gara ta cinye, ko kuma a ƙone saboda girmama baƙaƙen Larabci, musamman yanzu da masu iya karanta ajami suka ragu.

Shafukan ƙarshe na littafi na uku sunayen abokan tafiya ne da suka rasu, kowanne da garinsu da zangon da aka binne shi, an tanada ne don a kai wa iyalansu labari. Yawancin zangunan suna tsakanin Janaina da Fashir, garuruwan da yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya ɗaiɗaita, ya tarwatsa mazaunansu, har da zuriyar alhazan da suka yada zango can ba su dawo ba.