Sunan da Ke Kan Kwali

Masu wasannin kwamfuta sukan ce wane ya “gina” tasa, wane kuwa ya sayi haɗaɗɗiya. Kalmar ginin nan ta yi wa aikin yawa. Ba wanda yake ƙera komai a ɗakinsa. Harhaɗawa ce kawai: ka sayo babban faifai, wato bod a bakin masu gyara, ka ɗora masa firosesa da ram da katin hoto, ka ɗaure da sukundireba. Abin da ya sa hakan ke yiwuwa kuwa wasu sunaye ne masu kama da lambar mota.

ATX ma'auni ne da Intel ya fitar a 1995, ya tsayar da girman faifan da inda ramukan ɗauri za su zauna. Mini-ITX ƙaninsa ne, kamfanin VIA na Taiwan ya kawo shi a 2001, santimita 17 kowane gefe. Irin waɗannan sunaye alkawari ne tsakanin kamfanoni: faifan wannan zai shiga akwatin wancan. Haka SFX, ƙaramar tukunyar wuta da ake sa wa matsattsun akwatuna. Masu sha'awar ƙananan kwamfutoci ma da lita suke auna akwati, galibinsu kuma sun ɗauki abin da bai kai lita 20 ba a matsayin ƙarami.

Wasu sunayen kuwa na talla ne, nan ne mai saye yake tuntuɓe. Ɗauki katin hoton nan RTX 4090 na Nvidia. Na kwamfutar tebur yana da ƙwaƙwalwa gigabait 24, yana jan wuta har wat 450. Akwai kuma wani mai wannan suna da aka yi wa laftof: gigabait 16 ne, guntun da ke cikinsa ma irin na RTX 4080 na tebur ne, wutar da yake sha ba ta kai rabin ta ɗan'uwansa ba. Suna ɗaya, ƙarfi daban. Ina ruwan mai sayen ƙaramar haɗaɗɗiya da wannan? Da yawa daga cikin irin waɗannan kwamfutoci kayan laftof ne aka zuba a akwati, don zafi ba ya barin a cusa babban kati a wuri ƙunci. NUC, sunan da Intel ya raɗa wa ƙananan kwamfutocinsa kafin ya miƙa wa ASUS sana'ar a 2023, misali ne: samfurin ROG NUC na 2024 yana ɗauke da RTX 4070 na laftof mai gigabait 8, alhali na tebur 12 gare shi. An rubuta hakan a takardar bayani, amma idon mai saye lambar yake fara gani. Irin wannan guntu kuma liƙe yake da faifai, ba a cire shi a sa sabo.

Akwai suna na uku a tsakiya, barebone, wato ƙashi ba nama: akwati da faifai da firosesa, kai za ka cika ram da ma'ajiya. Wanda ya ga arahar farashin ya yi murna, sai ya kunna ya tarar babu ko Windows.

Ban ga laifin haɗaɗɗiya ba. Garantinta guda ne, kuma duk wanda ya taɓa lanƙwasa wayoyi a akwatin lita 10 ya san darajar a yi maka aikin. Abin da zan tambayi mai shago dai kafin ciniki shi ne: faifan nan ITX ne ko na kamfanin kaɗai, katin kuma na tebur ne ko na laftof, wat nawa yake sha?