Ƙwayar 1960 da Ƙashin 'Yan Matan Jiya

A farkon shekarun 1940 wani likita a birnin Boston na Amurka, Fuller Albright, ya lura cewa galibin masu zuwa wurinsa da zaizayewar ƙashi mata ne da al'ada ta ɗauke musu. Ya ɗora laifin a kan raguwar sinadarin estrojin, wanda ke hana ƙashi saurin cinyewa.

Sai ga shi a 1960 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da Enovid, ƙwayar hana ɗaukar ciki ta farko, wadda Gregory Pincus da John Rock suka gwada a kan talakawan matan Puerto Rico tun 1956. An cika mata hannu da estrojin, har maikurogiram 150 a ƙwaya guda. A lokacin babu mai ta ƙashi. Daskarewar jini a jijiya ce ta tayar da ƙura, har majalisar dattawan Amurka ta zauna a kan batun a 1970. Kamfanoni suka yi ta zaftare sinadarin, yau yawancin ƙwayoyin maikurogiram 20 zuwa 35 suke ɗauke da shi.

Da matan da suka sha ƙwayar suka manyanta, likitoci suka waiwayi maganar Albright: ko estrojin ɗin da suka sha ya bar musu ajiya a ƙashi? Wani bincike a Suwidin a 1999 ya ce haka ne, karayar ƙugu ta ragu da kusan kashi 25 cikin ɗari, musamman ga waɗanda suka sha bayan shekara 40. Hankali zai ɗauka, don a shekarun ne estrojin ɗin jiki ke fara ja da baya. Amma likitocin Birtaniya da suka bi sawun mata kusan 46,000 tun 1968 ba su ga wannan kariya ba.

Saɓanin ba abin mamaki ba ne. Ana tambayar dattijuwa ta tuno sunan ƙwayar da ta sha shekara talatin baya, ga shan taba da ƙiba da gado duk suna da hannu a ƙarfin ƙashi. Kuma ƙwayar da aka auna ba ita ake sayarwa yanzu ba.

Ba ƙwayar ba, allurar hana ɗaukar ciki ta Depo-Provera ta wata uku ce hukumar ta Amurka ta liƙa wa gargaɗin rage kaurin ƙashi a 2004, domin ita danne estrojin take yi.