Biko da Kome: Tarihin Yafiya a Littattafan Soyayya

Ni 'yar gida biyu ce. Mahaifina mutumin Birnin Kebbi ne, daga zuriyar da ta bi tutar Gwandu. Mahaifiyata kuwa Bakabiya ce ta Argungu. Da shekara ɗari da hamsin baya ne, da wuya a ɗaura auren da ya samar da ni, domin a lokacin mashi ne tsakanin garuruwan biyu. Duk da haka ban taɓa zama na tambayi kaina mece ce yafiya ba, sai ranar da tsohon mijin yayata ya aiko neman kome.

Ya sake ta da 'ya'ya biyu bayan ya yi amarya. Ta dawo gida ta yi idda a ɗakin Inna, abokan hirarta su ne littattafan soyayya da nake karɓo mata haya a kasuwa. Daga akwatinta na fara karanta su, kafin na haɗu da su a aji a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Tarihin waɗannan littattafai ba mai tsawo ba ne. A gasar da kamfanin NNPC na Zariya ya shirya a 1979, So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed ya zo na biyu, aka buga shi a 1980. Cikin shekarun 1980, da tattalin arziki ya karye, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, sai matasa suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Talatu Wada Ahmed ta fito da Rabin Raina, Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino ya biyo da In Da So Da Ƙauna a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi. Daga Kano dillalai ke ɗauko su zuwa Sakkwato, su gangaro mana. Masana suka yi ta mahawara a jaridu: Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu ya tsaya musu. A 2007 har ƙona wasu aka yi a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, bisa zargin ɓata tarbiyya.

Masu zargin sun fi kallon farkon labaran, inda saurayi da budurwa ke musayar wasiƙu. Ni ƙarshensu ya fi ɗaukar hankalina, domin a nan ne mai laifi ke dawowa da hula a hannu. Bahaushe ya daɗe da tanadar wa wannan dawowa sunaye. In mace ta yi yaji, miji ya bi ta gidansu, biko ke nan. In ya sake ta saki ɗaya ko biyu, yana da ikon mayar da ita matuƙar idda ba ta cika ba. In kuwa ta cika, ikon ya fita daga hannunsa: sai da yardarta, da sabon sadaki, da sabon ɗaurin aure, kamar kowane manemi. A ganina, duk tarihin jigon yafiya a littattafan nan yana cikin wannan 'yar tazara, tsakanin matar da aka mayar da matar da aka roƙa.

A yawancin labaran da na karanta, haƙuri ne jarin uwargida. Za a wulaƙanta ta, ta yi shiru. Duniya ta juya wa miji baya, ya gane kurensa, ya durƙusa, ta yafe cikin shafi guda, a rufe littafi da godiya ga Allah. Balaraba ce ta hana mai karatu wannan kwanciyar hankali. A Alhaki Kuykuyo Ne na 1990, Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta tara saboda Delu. Rabi ta kama sayar da abinci, ta riƙe gidanta, ta aurar da 'yarta Saudatu. Da gobara ta cinye dukiyar Alhaji, Delu ta gaji da shi, sai ya tuna da Rabi, manya kuma suka taru suka matsa mata lamba ta karɓe shi. Marubuciyar, wadda ita kanta aka cire daga makaranta aka yi wa aure tana yarinya, ta bar mu da ɗaci a baki: wa ya sami dama ta biyu a nan, kuma wa ya biya kuɗinta? Tambayar ta yi nisan da har Aliyu Kamal ya fassara littafin zuwa Ingilishi, aka buga shi a Indiya a 2012.

Amsar da na samu ba daga Kano ta zo ba, daga garin mahaifiyata ta zo. A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi. Kabawa ba su sallama ba. A 1849 Yakubu Nabame, wanda ya yi shekaru a tsare a Sakkwato, ya tayar da tutar Kabi a Argungu, garin kuma ya gagari Sakkwato da Gwandu har zuwan Turawa. Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya taka ƙafa ya ziyarci Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi da bikin su. Wannan ne tushen bikin kamun kifi na Matan Fada, wanda UNESCO ta sanya cikin al'adun gado na duniya a 2016. Abin lura shi ne, Argungu ta buɗe ƙofarta ne tana tsaye da ƙafarta, baƙon kuma da kansa ya zo. Sulhun da aka yi da wanda ke da ikon ƙi, shi ne ya kai shekara casa'in bai warware ba.

Da wannan ma'auni nake auna littattafan yau, waɗanda suka bar rumfunan haya suka koma WhatsApp da Wattpad, da gajerun labaran gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016. Jarumar yanzu takan yi karatu ko sana'a kafin mai laifi ya dawo, saboda haka in ta ce ta yafe, ba yunwa ce ke magana ba. Wata ta koma da sharaɗi, wata ta yafe ta auri wani. Har yanzu akwai masu rufe labari da durƙuso ɗaya, amma masu karatu sun fara tuhumarsu a fili.

Lokacin da aka aiko neman komen yayata, tana aji biyu a Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu. Baba ya so ta koma saboda yara. Inna ta dube shi ta ce, "Malam, idda ta cika tun bara. A tambayi ɗiyar." Aka kira ta gaban baffanninmu. Ta sunkuyar da kai ta ce ta yafe masa duniya da lahira, amma maganar aure a bari sai ta karɓi takardarta. Baba ya yi kwana uku ba ya amsa gaisuwarta.

Yanzu tana koyarwa a wata firamare. Uban yaran yakan kawo buhun shinkafa duk kaka, ya zauna a zaure, ya sake aiko da maganar. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, kuma a gidanmu babu mai ikon faɗa a madadinta.