3.2 Salo da Zubin Labari a Fim ɗin Kaagaz Ke Phool na Guru Dutt

3.2.1 Shimfiɗa

A wannan sashe za a yi ƙoƙarin duba salon da Guru Dutt (1925-1964) ya bi wajen shirya fim ɗinsa mai suna Kaagaz Ke Phool, wato "Furannin Takarda", wanda ya fito a shekarar 1959. Amma kafin a kai ga salon, ya kamata a fara waiwayar zamanin da fim ɗin yake begensa, domin ba za a fahimci jigonsa ba sai an san abin da ya shuɗe.

3.2.2 Zamanin Manyan Kamfanoni

A tsakanin 1930 da 1945, harkar fim a ƙasar Indiya tana hannun wasu manyan kamfanoni ne, kamar su Prabhat (1929) da New Theatres (1931) da Bombay Talkies (1934). Kowane kamfani yana da filin ɗaukar hoto nasa da ma'aikatansa na dindindin, har 'yan wasan ma albashi ake biyan su. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sai sababbin masu kuɗi suka shigo harkar, suka riƙa janye taurari da kuɗi masu tsoka. Wannan ne ya karya kamfanonin, ta yadda Prabhat da Bombay Talkies duk suka durƙushe a farkon shekarun 1950. Shi kansa Guru Dutt a Prabhat ya fara aiki a 1944 a matsayin mai tsara rawa. Ke nan, ganau ne shi ba jiyau ba.

3.2.3 Zubin Labari

An gina labarin ne bisa dabarar waiwaye. Fim ɗin ya buɗe da wani tsoho yana shiga filin ɗaukar hoto da babu kowa a ciki, daga nan sai tunaninsa ya mayar da mai kallo baya. Wannan tsoho shi ne Suresh Sinha, shahararren darakta a da, wanda Guru Dutt ya fito a matsayinsa. Surukansa masu hali ne da suke ƙyamar sana'ar fim, don haka aka raba shi da matarsa da 'yarsa Pammi. Wata rana cikin ruwan sama ya haɗu da Shanti (Waheeda Rehman), ya ba ta kwat ɗinsa. Da ta zo mayar masa, sai ta gitta gaban kyamara bisa kuskure, shi kuwa ya ga ta dace da fim ɗin Devdas da yake shiryawa. Shanti ta yi suna, tsegumi ya yaɗu, Pammi ta roƙe ta da ta rabu da mahaifinta, ita kuma ta amince. Daga nan Suresh ya faɗa shan giya, aka daina ba shi aiki, daga ƙarshe ya mutu a kan kujerar darakta.

Abin lura a nan shi ne, tun daga farko an nuna wa mai kallo ƙarshen tauraron. Saboda haka hankalinsa ba ya kan abin da zai faru, sai dai kan yadda aka yi mai ɗaukaka ya wayi gari ba a san shi ba a inda ya yi mulki.

3.2.4 Salon Haske da Fili

Wannan ne fim na farko a Indiya da aka ɗauka da tsarin CinemaScope mai faffaɗan allo. Maimakon a cika allon da jama'a, sai mai ɗaukar hoto V. K. Murthy ya yi amfani da faɗin wajen nuna kaɗaici: mutum guda a tsakiyar makeken zaure, ga fitilu a kashe. A waƙar da Geeta Dutt ta rera, wadda S. D. Burman ya yi wa kiɗa, Kaifi Azmi ya rubuta, an yi amfani da madubai aka karkato da hasken rana cikin duhun zauren. Suresh da Shanti suna tsaye nesa da juna, amma sai aka ga surarsu ta fita ta haɗu a cikin hasken. Wato abin da baki ya kasa furtawa, haske ne ya faɗe shi.

3.2.5 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata, za a iya cewa begen da ke cikin fim ɗin ba na yabo ba ne zalla. Darakta yana ƙaunar wancan zamani, amma bai ɓoye cewa sana'ar tana yar da mutum da zarar kasuwarsa ta mutu ba. Fim ɗin bai samu karɓuwa ba a lokacin da ya fito, ko da yake Murthy ya ci kyautar Filmfare a kansa. Guru Dutt bai sake sa sunansa a matsayin darakta ba har ya rasu a ranar 10 ga Oktoba, 1964, yana da shekara 39. Sai bayan rasuwarsa manazarta suka sanya fim ɗin cikin fitattun finafinan Indiya.