Igiyoyin rediyo da na maikurowef: yadda murya da hoto ke isowa Adjamé

A kewayen Roxy da ke Adjamé, da kuma Treichville, inda Hausawan Nijar da Najeriya suka daɗe suna kasuwanci a birnin Abidjan, rediyo da wayar salula da faifan tauraron ɗan adam duk da abu ɗaya suke aiki: igiyoyin lantarki da maganaɗisu. Gudunsu ɗaya da na haske, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Bajamushe Heinrich Hertz ne ya tabbatar da samuwarsu a 1887, shi ya sa ake auna yawan bugawarsu da sunansa. Megahaz ɗaya na nufin bugu miliyan ɗaya a daƙiƙa, gigahaz ɗaya kuma megahaz 1,000.

Abin da ya bambanta su shi ne tsawon igiya, kuma shi ke yanke nisan da za ta kai. Igiyar gajeren zango, daga megahaz 3 zuwa 30, tsawonta mita 10 zuwa 100 ne. Idan ta hau sama sai ta ci karo da wani sashe na sararin samaniya mai cike da cajin lantarki, ya maido ta ƙasa a nisan dubban kilomita. Ta haka ne Sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957, ya riƙa isa ga 'yan ci-rani nesa da gida. Igiyar FM kuwa, mai tsawon kimanin mita 3, ratsa wannan sashe take yi ta wuce. Don haka FM ɗin Maraɗi ko na Kano ba ya zuwa Abidjan, kuma RFI da ake kamawa a 97.6 daga na'urar da ke cikin birnin take fitowa.

Igiyoyin maikurowef sun fi waɗannan gajarta. Da su Orange da MTN da Moov Africa ke aiki, a megahaz 900 da 1,800 da wasu zangunan. Suna ɗaukar bayanai masu yawa, amma bangon siminti na rage musu ƙarfi, dalilin yawan turakun sadarwa ke nan a unguwa mai cunkoso irin Adjamé. Hukumar AIGF ce ke kula da rabon zanguna a Cote d'Ivoire.

Hoton Canal+ daga tauraron da ke nisan kusan kilomita 36,000 yake saukowa, a kan igiya mai tsawon santimita biyu da rabi ko uku. Ɗigon ruwa na shanye irin wannan igiya, shi ya sa hoto ke ɗaukewa a ruwan watan Yuni, sau da yawa ana tsakiyar kallon ƙwallo. Laifin ba na mai haɗa faifan ba ne. Murhun maikurowef ma, a gigahaz 2.45, ruwan da ke cikin abinci yake motsawa har ya yi zafi.

Batun lafiya shi ya fi damun jama'a. Waɗannan igiyoyi ba su da ƙarfin tsinka ƙwayoyin halitta kamar hasken hoton ƙashi. A 2011 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su a rukunin 2B, wato na abubuwan da ake zargi amma hujja ba ta cika ba. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba: waya kan ƙara ƙarfin igiyarta ne idan sabis ya yi rauni, saboda haka turke na kusa yana rage abin da take fitarwa a gefen kunne. 'Yar takardar da ake mannawa a bayan waya da sunan kariya kuwa, idan ta tare eriya, sa wayar take yi ta ƙara ƙarfi.