Majami'ar Germigny: Daga Ɗakin Ibadar Bishop Zuwa Majami'ar Ƙauye

A tsakiyar ƙasar Faransa, dab da kogin Loire, akwai ƙauyen Germigny-des-Prés, wanda mutanensa ba su kai dubu ba. Majami'arsu 'yar ƙarama ce, amma kaɗan ne suka girme ta a duk faɗin ƙasar.

Tun asali ba don mutanen ƙauye aka gina ta ba. Theodulf, bishop na birnin Orléans kuma ɗaya daga cikin manyan malaman fadar Sarki Charlemagne, shi ya gina ta a gidansa na karkara domin ibadarsa, aka keɓe ta a shekarar 806. Gidan ya daɗe da rushewa, ɗakin ibadar kaɗai ya rage.

Ginin farko mai kusurwa huɗu ne, tsawonsa daidai da faɗinsa, wajen mita 10. Ginshiƙai huɗu ne a tsakiya suke ɗauke da hasumiya mai shigo da haske daga sama. Bakunan ginin a lanƙwashe suke kamar takalmin doki, salon da aka san ƙasar Sifen da shi, kuma can ne asalin Theodulf.

Abin da ya fi ratsa ni yana lungun gabas, sama da bagadi. Zane ne da aka jera da dubban gutsattsarin gilashi masu launi da ruwan zinariya, shi kaɗai ne irinsa da ya saura a Faransa daga wancan zamani. A wurin da aka saba sa hoton Almasihu, Theodulf ya sa Akwatin Alkawari na Bani Isra'ila, wanda Alƙur'ani ma ya ambata a Suratul Baƙara. Ƙananan mala'iku biyu na bisa akwatin, manya biyu na kewaye da shi, ga hannu ya sauko daga sama a tsakaninsu. Da gangan ya yi haka. A lokacin Kiristoci suna ta taƙaddama kan girmama hotuna, shi kuwa yana cikin masu ƙin a rusuna musu, har masana na danganta masa littafin da fadar Charlemagne ta sa aka rubuta kan batun. Wato hujjarsa ce ya kafa a jikin bango.

Theodulf bai gama da duniya lafiya ba. A 818 Sarki Louis, ɗan Charlemagne, ya tuɓe shi bisa zargin haɗa baki da masu tawaye, ya rasu a 821.

Daga baya wurin ya koma hannun sufayen Fleury da ke maƙwabtaka, sannan ya zama majami'ar gari. Da jama'a suka yi yawa, sai aka rushe lungun yamma aka ƙara dogon zaure. An kuma shafe zanen da farar ƙasa, sai a ƙarni na 19 aka sake gano shi. A 1840 gwamnati ta sa majami'ar cikin jerin farko na gine-ginen tarihi da doka ta kare.

Abin takaici, gyaran da ya biyo baya ya yi ɓarna. Tsakanin 1867 da 1876, masanin gini Juste Lisch ya sauke yawancin ginin ya sake ɗora shi, wasu sassan asali da ragowar adon bango suka salwanta. Ba a musun cewa ginin na bukatar ceto, amma a ganina aikin ya wuce gona da iri. Lungun gabas da zanensa ne aka bari a tsaye, kuma su ne mafi ingancin abin da ya iso gare mu daga hannun magina na 806.